Daren da Keith Jarrett ya kaɗa gurgun fiyano a Kolon

Duk wanda ya tashi yana murɗa rediyo a shekarun baya ya san sunan Kolon, domin daga can Muryar Jamus take watso shirye-shiryenta na Hausa kafin ta tattara ta koma Bonn a 2003. A wannan birni na bakin kogin Rhine ne aka yi wani abu a daren Juma'a, 24 ga Janairun 1975, wanda har yau makaɗa suke kafa hujja da shi idan gardama ta kaure a kan abin da ya fi tasiri a kunnen 'yan kallo: tsadar kayan kiɗa ko gwanintar mai kaɗa su. Yawancin masu ba da labarin sukan taƙaita shi a jimla ɗaya, su ce gwani ya samu ruɓaɓɓen fiyano ya yi abin mamaki da shi, saboda haka kaya ba komai ba ne. Na daɗe ina sauraron faifan wannan dare, kuma ban yarda cewa nan maganar ta tsaya ba. Akwai mutanen da wannan taƙaitawa take shafewa, akwai kuma aikin da take ɓoyewa.

Keith Jarrett ɗan Amurka ne, an haife shi a garin Allentown na jihar Pennsylvania a 1945. Tun yana ɗan shekara 3 aka zaunar da shi gaban fiyano, yana shekara 7 ya yi wasa a gaban jama'a. Kafin ya cika 30 ya riga ya yi aiki da manyan kiɗan jazz na zamaninsa: Art Blakey, Charles Lloyd, sannan Miles Davis. A wajen Davis kayan lantarki yake kaɗawa, bai kuma ɓoye cewa ba sa kwanta masa a rai ba. Da ya bar wajen sai ya koma ga fiyano na katako da waya, ya kuma ɗauko wata hanya mai haɗari: ya hau dandamali shi kaɗai, ba takarda, ba abin da ya shirya, ya ƙirƙiri kiɗan a take na tsawon awa guda ko fiye. Kamfanin ECM na birnin Munich, wanda Manfred Eicher ya kafa a 1969, shi ne yake naɗar wasanninsa. Sun riga sun fitar da na Bremen da Lausanne a 1973, suka kuma samu karɓuwa. Wato mutumin da ya iso Kolon a wannan rana ba sabon shiga ba ne, kuma ba ranar ya fara irin wannan kasada ba.

Wadda ta gayyato shi kuwa yarinya ce, Vera Brandes, da ba ta kai shekara 20 ba, amma tuni ta fara shirya wasannin jazz a birnin. Ta yi ƙarfin halin neman babban gidan opera na Kolon, inda ake wasan kwaikwayon nan na Turai da ake rera shi da waƙa daga farko har ƙarshe. Hukumar gidan ta ba ta, amma sai bayan an tashi daga wasan opera na daren, wato ƙarfe 11:30 na dare. Duk da haka tikiti ya ƙare. Mutum kusan 1,400 suka saya, kowanne a kan mak 4 na kuɗin Jamus ta Yamma.

Abin da aka nema da abin da aka samu

Jarrett ya faɗi irin fiyanon da yake so tun da wuri: Bösendorfer samfurin Imperial 290. Wannan kamfani na Vienna ne, tun 1828 yake ƙera fiyano, kuma Imperial shi ne babban abin alfaharinsa. Tsawonsa santimita 290, kusan mita uku kenan. Fiyano na yau da kullum madannai 88 gare shi, shi kuwa 97, ƙarin taran duk a ɓangaren kauri suke. Ko ba a taɓa su ba, wayoyinsu sukan amsa idan aka kaɗa na kusa da su, sai amon ya ƙara cika. Irin wannan ne yake iya cika zaure mai cin mutum sama da dubu ba tare da lasifika ba.

Ma'aikatan gidan suka ga fiyano a bayan dandamali da sunan Bösendorfer a goshinsa, suka turo shi. Ashe ba shi ba ne. Ƙarami ne da ake amfani da shi wajen gwajin waƙa, an daɗe ba a kula da shi ba. Ba a gane kuskuren ba sai da Jarrett da Eicher suka iso da yamma suka zagaya shi, Jarrett ya taɓa 'yan madannai, ya yi shiru.

Sai an san yadda fiyano yake a ciki kafin a gane girman matsalar. A ƙarƙashin murfinsa akwai wayoyin ƙarfe sama da 200, a ɗaure tamau a kan firam ɗin ƙarfe, jimillar ƙarfin da suke ja ya kai tan goma sha. Kowane madanni idan aka danna shi yana tura wata 'yar guduma mai kan ulu ta bugi waya. A mafi yawan madannan ba waya ɗaya ba ce, uku ne, kuma dole ukun nan su yi murya ɗaya. In ɗaya ta saki ko da kaɗan ne, sai ka ji sautin yana rawa kamar muryar mai jin sanyi. Wayoyin kauri dogaye ne, shi ya sa ƙaramin fiyano ba ya iya ba da amon babba, komai ƙarfin hannun mai kaɗawa. A ƙasa kuma akwai feda da ake takawa, mafi muhimmanci ita ce ta dama, wadda take ɗage abin da yake toshe wayoyin domin sauti ya ci gaba da tashi bayan an ɗage yatsa.

Wannan fiyano na Kolon ya haɗa kusan duk cutukan. Saitinsa ya tafi. Ɓangaren sama, inda siraran sautuka suke, ƙara yake yi kamar ana bugun gwangwani. Ɓangaren kauri ba shi da ƙarfi. Feda tana maƙalewa. Brandes ta ce har wasu baƙaƙen madannai na tsakiya ba sa aiki yadda ya kamata. Ta shiga buge-bugen waya tana neman wani, amma dare ya kawo jiki, ana ruwa, ga sanyin Janairu, aka kuma gargaɗe ta cewa fito da babban fiyano cikin wannan yanayi ba tare da kayan ɗaukarsa ba zai iya lalata shi gaba ɗaya.

Shi kansa makaɗin ba lafiyayye ba ne a ranar. Daga Suwizalan suka taso shi da Eicher a cikin wata 'yar ƙaramar mota ƙirar Renault 4, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Kwana da kwanaki bai samu barcin kirki ba. Bayansa yana ciwo har sai da ya ɗaura abin tallafe ƙugu. Da aka kai su gidan abinci, abincin bai iso ba sai da lokaci ya ƙure, loma kaɗan ya yi ya tashi. Ya ce ba zai yi wasan ba, kuma duk wanda ya san wannan sana'a ba zai ga laifinsa ba. Mai kaɗa abin da aka riga aka rubuta yana da abin dogaro ko da kayan sun ci amanarsa, domin ya san inda zai bi. Mai ƙirƙira a take kuwa daga sautin da yake dawowa kunnensa yake samun abin da zai kaɗa a gaba. Idan sautin ya munana, majinginarsa ce ta rushe.

Brandes ta sha ba da labarin yadda ta bi Jarrett waje cikin ruwan sama tana roƙonsa, har ya sauko ya ce zai yi saboda ita. Akwai kuma dalili na biyu wanda ba a cika ambatonsa ba: an riga an kafa kayan naɗar sauti, injiniya yana wurin, sai aka ga gara a naɗa ko don ajiya.

Mutanen da ba a tafa musu ba

A nan ne nake rabuwa da masu cewa kaya ba komai ba ne. Fiyanon da Jarrett ya gani da yamma ba shi ne wanda ya kaɗa da daddare ba. A tsakani an kira masu gyara, suka shafe awanni a kansa. Aikin mai saita fiyano aiki ne na haƙuri da kunne. Yakan sa wani maɓalli mai dogon hannu a kan ƙusar da waya take naɗe a jiki, ya toshe wayoyi biyu da ɗan tsinken ulu ko roba domin ya ji ta ukun ita kaɗai, ya danna madanni, ya murɗa ɗan kaɗan wanda ido ba ya gani, ya sake dannawa, ya saurari rawar sautin har ta lafa. Sannan ya buɗe ta biyu ya daidaita ta da ta farko. Haka zai yi ta yi, waya bayan waya, sama da sau 200. Ga kuma fedar da sai an kwanta a ƙasa an duba abin da ya riƙe ta.

Ba su mai da shi Imperial ba, ba mai iya wannan. Gajerun wayoyi suna nan a gajerunsu, saman yana nan da ƙarar gwangwaninsa. Abin da suka yi shi ne suka ɗaga shi daga abin da ba ya kaɗuwa zuwa abin da yake kaɗuwa. Da ba su yi ba, da babu gwanintar da za ta hana kunnen mutum 1,400 jin cewa sautin a karkace yake. Ɗan kallo ba ya bambanta fiyanon Bösendorfer da na kamfanin Steinway, amma ko yaro ya san lokacin da waya ta saki. Ina ganin rashin adalci ne a riƙa ba da wannan labari a matsayin nasarar mutum ɗaya a kan mugun kaya, alhali wasu sun yi gumi a kan kayan kafin ya zauna.

Abin da ya yi da abin da ya rage

Da ƙarfe 11:30 ya fito ya zauna. Faifan yana farawa da 'yan sautuka kaɗan masu sauƙi, kuma idan ka kasa kunne sosai za ka ji wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa daga cikin jama'a. Bayanin da aka fi yi shi ne ya kwaikwayi ƙararrawar da gidan yake kaɗawa don kiran mutane su shigo su zauna, su kuwa sun gane ta. Wato abu na farko da ya yi, kafin wata bajinta, shi ne ya nuna wa mutanen cewa yana jin abin da suke ji, a ɗaki ɗaya suke.

Daga nan sai ya tsaya a tsakiyar fiyanon, inda muryarsa ta fi lafiya. Sama ya riƙa leƙawa yana dawowa, bai zauna a can ba. Tun da kaurin ba shi da ƙarfin da zai riƙe sauti ɗaya ya daɗe yana amo, sai ya sa hannun hagu ya riƙa maimaita ɗan gajeren kari, yana jujjuya shi ba tsayawa, kamar yadda 'yan amshi suke riƙe wa mawaƙi gindin waƙa shi kuma yana yawo a kai. Abin da waya ta kasa bayarwa da tsawonta, sai maimaici ya bayar da shi. A kashin farko, mai tsawon kusan minti 26, akwai wurin da ya shafe sama da minti goma yana kai da komo tsakanin gidajen sauti biyu kacal, wato rukunin madannai biyu da ake danna kowanne a haɗe, hannun dama yana ta fito da sabon zance a kansu. A kashi na biyu abin ya koma bugu sosai, fiyanon ya zama kamar ganga. Kana jin dukan ƙafarsa, kana jin nishinsa da 'yan ihun da suke kuɓuce masa idan wani kari ya faɗa inda yake so. Tun da ƙaramin fiyano ne a babban zaure, dole ya sa ƙarfi don na kujerun baya su ji, wannan ƙarfin kuma ya shiga cikin kiɗan ya zama wani ɓangare nasa.

Eicher ya yi bayani daga baya cewa wataƙila rashin kyan fiyanon ne ya sa ya kaɗa shi haka: da ya kasa son muryarsa, sai ya nemi wata hanyar tatso abin da ke cikinsa. Na yarda da wannan, amma ina so a lura da abin da yake nufi. Ba lalacewar ce ta yi kiɗan ba. Da an ba wani matsakaicin makaɗi wannan fiyano, da abin da zai fito shi ne matsakaicin kiɗa a kan mugun fiyano. Abin da ya yi aiki shi ne mutumin ya iya gane, cikin 'yan mintuna, ina ne lafiyayye ina ne gurgu, kuma yana da isasshen kaya a kansa, na coci da na blues da na gargajiyar Amurka da na Turai, da zai gina awa guda a cikin ɗan filin da ya rage masa. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, amma sai wanda ya iya rawa fiye da ɗaya. Sanin kayan aiki, har da sanin aibinsa, yana cikin gwanintar, ba kishiyarta ba ne.

Su kuwa 'yan kallo, me suka sani? Ba su zo da labarin Imperial ba, ba su ga gardamar yamma ba. Abin da ya iso gare su shi ne kari mai kama jiki, waƙar da kunne yake iya bi, da mutum a gabansu yana tashi yana zama a kan kujera yana kokawa da abin da ke gabansa. Tafin da ke cikin faifan doguwar shaida ce, har sai da ya dawo ya ƙara musu wani ɗan gajeren kashi na kusan minti bakwai. Wanda ya sayi tikiti ba ya auna sautin da ya samu da wanda ya kamata ya samu, tunda bai taɓa jin na biyun ba. Makaɗi ne yake jin wannan giɓi, shi yake hana shi barci. Shi ya sa makaɗa suke kashe dukiya a kan bambancin da su kaɗai suke ji, kuma ban ce sun yi wauta ba, domin abin da yake kwantar wa mai kaɗawa hankali yakan fito a hannunsa. Sai dai ta hannunsa yake isa ga jama'a, ba kai tsaye ba.

Masu sauraro iri biyu

Akwai wani ruɗani da ake yi idan ana kafa hujja da wannan dare. Mutum 1,400 ne suka ji shi a zaure. Sauranmu, miliyoyi, faifai muka ji. ECM ta fitar da shi a ƙarshen 1975 da sunan The Köln Concert, faifai biyu, kusan minti 66, an kuma sayar da sama da kwafi miliyan uku da rabi, abin da ya sa ya zama faifan fiyano na mutum ɗaya da aka fi saya a tarihi. Wanda ya naɗe shi injiniya ne mai suna Martin Wieland, da makirfo biyu ƙirar Neumann U 67 da na'urar tef ta Telefunken. Waɗannan ba tarkace ba ne, suna cikin mafi kyan abin da ake da shi a lokacin, kuma suna hannun wanda ya san inda zai kafa su. Wannan sheƙi da faɗi da mutane suke ji a faifan har su ce ai fiyanon ba shi da laifi, akwai hannun Wieland da Eicher a ciki. Saboda haka wanda ya saurari faifan ya ce ga shaida kaya ba su da amfani, ta cikin kaya masu tsada ya ji shaidar tasa.

Haka kuma zauren. An gina shi ne don muryar mutum ta kai kujerar ƙarshe ba da lasifika ba, jama'ar kuma sun zauna shiru. In ana son ganin abin da yake faruwa idan wannan ya ɓace, a duba filin wasa na Shea a New York, ranar 15 ga Agustan 1965. Mawaƙan Beatles suka tsaya gaban mutum sama da 55,000 da amfilifaya masu ƙarfin wat 100, ihun jama'a ya binne komai, su kansu ba sa jin abin da suke kaɗawa. Shekara guda bayan haka, a Agustan 1966, suka daina yawon wasa gaba ɗaya. Gwanintarsu tana nan, hanyar da za ta bi ta isa kunne ce babu. Akwai wani mizani na ƙasa da dole kaya su kai: a ji, kuma a ji daidai. Ƙasa da shi gwani ba ya ceton kowa. Sama da shi kuwa, kowane ƙarin kuɗi da aka zuba amfaninsa ga ɗan kallo raguwa yake yi, na gwaninta kuma ƙaruwa. Fiyanon Kolon da ƙyar ya haye wannan mizani, amma ya haye.

Shi kansa Jarrett bai ɗauki darasin cewa kowane fiyano ma ya yi ba. Ya ci gaba da zama mutum mai tsanani a kan kayan da zai kaɗa da kuma yanayin zaure, har ya yi suna wajen tsayar da wasa saboda tari ko walƙiyar kyamara. A Nuwamban 1976 ya yi wasanni biyar a Japan, a Kyoto da Osaka da Nagoya da Tokyo da Sapporo, cikin kyakkyawan shiri, aka fitar da su a faifai goma. Da yawa daga masu bin kiɗansa sosai sun fi ɗaukaka waɗannan, amma ba su kusanci na Kolon a kasuwa ba. Ina jin dalilin a fili yake. Ƙuncin da fiyanon ya jefa shi ya tilasta masa sauƙaƙawa, sauƙin kuma ya buɗe ƙofa ga mutanen da ba ruwansu da jazz. Abin da ya zame masa takura shi ya zame wa jama'a mashiga.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi ya zagaya duniya, abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake haɗawa da gwangwani da fata. Babu wanda ya taɓa tashi daga gabansa yana cewa ina ma tsirkiyar biyu ce. Amma wanda ya zauna kusa da makaɗan gargajiya ya san ba sa wasa da kayansu. Mai goge ba ya fara ja sai ya shafa wa izgarsa ƙaro. Mai ganga yakan kai ta rana ko bakin wuta don fatar ta ɗame. Mai kalangu yana duba tsarkiyarsa kafin ya rataya, domin da matsa ta a hammata yake sa shi magana. Kaya ne masu araha, amma a saite suke, kuma mai su ya san halinsu kamar yadda ya san tafin hannunsa. Abin da yake damuna shi ne abin da nake gani a wasu wuraren biki a yanzu, inda aka juya lamarin. An jibge lasifikoki har rufi, an ƙure ƙara har ƙirji yana girgiza, mawaƙi yana riƙe da makirfo yana bin muryarsa da aka naɗa a situdiyo. Na taɓa zama a wani irin wannan wuri janareta ya tsaya, zauren ya yi tsit, wanda aka biya don ya yi waƙa ya tsaya yana kallon mai na'ura har aka tayar da injin. Ba kaya ya rasa ba, ya fi Jarrett kaya nesa ba kusa ba. Abin da zai yi da ɗan abin da ya rage masa ne babu, alhali muryarsa da tafin jama'a suna nan.

Shekaru da yawa mutane suna roƙon Jarrett ya bari a rubuta kiɗan Kolon a takarda don wasu su koya. Ya daɗe yana ƙi, yana ganin abu ne na dare ɗaya da ya kamata ya tafi yadda ya zo. Daga baya ya amince aka buga, tare da jan kunnen cewa faifan ne abin komawa, ba takardar ba. A yau ɗalibai a ƙasashe da yawa suna kaɗa shi a kan lafiyayyun fiyano, suna bin hanyoyin da ya bi don kauce wa ramukan da nasu ba shi da su. A 2025 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa faifan cikin jerin naɗaɗɗun sautukan da ake adanawa don tarihi.

Wasansa na ƙarshe a gaban jama'a shi ne na zauren Carnegie a New York, a Fabrairun 2017. A 2018 ya samu shanyewar ɓarin jiki har sau biyu, kuma a 2020 ya bayyana wa duniya cewa da wuya ya sake hawa dandamali. Ɓarin hagu ne ya shanye, hannun da ya riƙe gindin kiɗan a daren Kolon lokacin da wayoyin kauri suka gaza. A gidansa da ke New Jersey yakan zauna gaban fiyano ya kaɗa da hannun dama kaɗai.